Farantin da Ya Dawo Babu Ƙashi

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau ba wanke kaina na zo yi ba. Abin da zan ba ku labari ni na aikata shi da hannuna, kuma duk wadda ta ga dama ta zage ni a ƙasan rubutun nan, na yafe mata tun yanzu.

Ga wadda yau ta fara shigowa, ni ce autar Umma mai abinci. Shagonmu ɗaki ɗaya ne da kicin a bayansa, a wani lungu kusa da tashar bas. Tebur shida, benci biyu a bakin ƙofa, fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole, sai wata 'yar taga a jikin bango. Ta tagar nan abinci ke fitowa, ta nan kuma faranti ke komawa. Umma ce ke girki. Gwaggo, ƙanwar marigayi Babanmu, ita ce mai wanke-wanke da yankan albasa da sa ido a kan rayuwar kowa. Ni kuwa kai abinci da kwaso faranti ne aikina, tun ina 'yar makaranta har na gama karatu, na yi yawon neman aikin ofis na gaji, na dawo na ɗaura zanen aikina.

Akwai wata ɗabi'a ta Umma da dole ku sani, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Umma ba ta taɓa tambayar mutum ko abinci ya yi daɗi. Ta ce baki ya iya kara. Faranti take dubawa. Duk farantin da na kwaso sai na ajiye shi a bakin taga yadda mai shi ya bar shi, ta ɗago kai ta ce, "Na wa ne?" in faɗa mata, sannan ya wuce bahon Gwaggo. Ranar da wani direban bas mai son nama ya bar namansa, cewa ta yi haƙori ne ke damunsa, washegari ta dafa masa nasa har ya yi luguf. Wata nas da ke zuwa mana kullum ta fara ture miya gefe tana cin farar shinkafa, Umma ta kalli farantin ta yi murmushi ta ce in daina sa mata albasa. Sai bayan wata biyu nas ɗin ta faɗa mana da bakinta cewa tana da ciki. Shekara ashirin da biyu ke nan Umma na wannan karatun, kuma doka ɗaya ce a shagon: ba a zubar da komai sai ta gani.

Shekara uku da suka wuce wani babban kamfanin abinci ya buɗe reshe a bakin titi, gilashi tun daga sama har ƙasa, ga sanyin na'ura, ga ma'aikata da jar hula. Ma'aikatan ofis da ke cika mana shago da azahar suka zame ɗaya bayan ɗaya, muka rage da direbobi da teloli da masu gyaran waya. Umma ba ta taɓa kiran sunan wurin ba. "Masu jar hula" take ce musu, abincinsu kuma "abincin da ba a san wanda ya dafa ba".

To, shi wanda nake so a wurinsu yake aiki.

A wayata Matafiyi na sa masa, don ba ya mako guda a gari ɗaya. Kamfanin na da rassa arba'in da wani abu, daga garuruwan bakin teku har na kan duwatsu, har na kan iyaka. Aikinsa shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kamar kowa, ya sayi abinci, ya ɗanɗana, ya rubuta. So ake wanda ya ci kazarsu a bakin teku da safe, in ya hau mota ya kwana a kan duwatsu, ya tarar da ita yadda ya baro ta. Komai nasu a kan sikeli yake, gishiri a ƙulle yake zuwa cikin 'yar leda, mai dafawa ba shi da ikon ƙara ko ɗigo. Mun haɗu ne ranar da ya kawo gyaran waya maƙwabtanmu ya tambaye ni inda zai sami ruwan sanyi. Wata takwas ke nan. A gida kuwa abin da na faɗa shi ne yana aiki a wani kamfani mai yawan tafiye-tafiye. Ba ƙarya na yi ba, amma ku da ni mun san ba gaskiyar ke nan ba.

Gwaggo ce ta fara hura wutar. Duk sanda waya ta yi ƙara a aljihuna sai ta ce, "Wannan mutumin naki dai aljani ne, murya kawai gare shi?" Daga baya Umma ta karɓe zancen. Ranar Lahadi muna tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, wata takwas ya isa. In da gaske yake, ya zo in gan shi."

"To Umma, sai in ce ya zo gida da yamma?"

"A falo kowa mutumin kirki ne. Ki kawo min shi shago."

Na san abin da take nufi: a gaban faranti za ta karanta shi.

Na rubuta masa, "Laraba, bayan la'asar, lokacin an watse. Don Allah kada ka ci komai ranar. Kuma ka cire katin aikin nan na wuyanka."

Ya amso, "An gama, ranki ya daɗe. Rassa biyu kawai zan leƙa da safe."

"Ko ɗaya kada ka leƙa."

"Cokali ɗaya-ɗaya ne fa. Yunwar da zan zo da ita sai ta ba Umma tsoro."

Ranar Laraba tun da safe na hana kaina sukuni. Na sayo sabuwar ledar tebur mai furanni na shimfiɗa a teburin kusa da fanka. Na ɓoye jug ɗinmu mai tsagaggen baki a ƙarƙashin kanta. Na cire tsohuwar kalandar da ta shekara huɗu a bango tana rufe wani tabo, na ga tabon ya fi kalandar muni, na mayar da ita. Na fesa turaren ɗaki har wani tela ya yi atishawa ya tambaya ko gobara aka yi. Da aka watse na shige bayan firji na canza kaya, na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan madara, da takalmin da ke matse min ɗan yatsa.

Gwaggo ta tsaya da soso a hannu ta ƙare min kallo. "Ikon Allah. Yau gwamna ne zai ci shinkafa?"

Umma ta kalli ledar tebur, ta kalli inda jug yake zama, ta koma kan tukunyarta.

Ƙarfe uku saƙo ya shigo. "Manaja ya ƙara min rassa uku. Amma kada ki damu, ina hanya."

Ya iso huɗu saura, cikin farar riga mai dogon hannu, jakar aiki a kafaɗa, babu kati a wuya. Ya je har bakin taga ya rusuna ya gaida Umma, ya gaida Gwaggo. Umma ta amsa tana goge hannu, ta dube shi daga sama har ƙasa, ba da wulaƙanci ba, irin kallon da take yi wa tumatir a kasuwa.

"Daga tafiya kake, ɗana?"

"E, Umma, shekaranjiya na dawo."

"Kana cin yaji?"

"Ina ci, Umma."

"Je ka zauna."

Ga soyayyiyar kaza nan a cikin kwano tun ta rana, amma Umma ba ta taɓa ta ba. Sabuwar cinya ta ɗauko, ta kunna wuta, ta soya masa tasa daban. Ta zuba shinkafa, ta kwarara miyar tumatir, na ga ta koma da ludayi ta ɗebo ta sama-sama mai maiƙo ta ƙara. Na ɗauka na kai masa.

Jama'a, abin da idona ya gani.

Ya ɗaga farantin ya kai hanci. Ya ajiye. Ya sa cokali ya tsaga naman ya leƙa cikinsa. Ya ɗebi shinkafa ita kaɗai ya tauna yana kallon sama. Ya kurɓi ruwa. Ya ɗebi miya ita kaɗai. Ya sake kurɓar ruwa. Ya haɗa su biyun ya kai baki, sannan ya ajiye cokali ya zaro waya ya fara rubutu da babban yatsa. Na zagaya ta bayansa kamar zan gyara fanka, na leƙa. Ga abin da ya rubuta: "Jira: minti 14. Zafi: daidai. Gishiri: daidai. Mai: ya ɗan yi yawa."

Na sunkuyo na ce ƙasa-ƙasa, "Uwata kake ba wa maki?"

Ya zabura har wayar ta kusa faɗawa cikin miya. "Innalillahi! Wallahi ban san na yi ba. Hannuna ne ya saba."

"To hannun naka ya saba da cokali yanzu. Ci."

Ya ɗauki cokali, ya ɗebo, ya kai rabin hanya ya tsaya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. "Auta, kaza biyar na ɗanɗana yau, da dankali biyar, da lemo biyar. In na ƙara loma ɗaya, abin da zai faru a kan sabuwar ledar nan ba zai yi kyau ba."

"Ba na ce maka kada ka je ba?"

"Aiki ne."

"Nan kuma wasa ne?"

Sai ga wani direba ya leƙo yana tambayar mai ƙaramar motar da ta tare masa hanya. Matafiyi ya miƙe da sauri ya fita, kamar wanda aka yi wa belin gaggawa. A daidai lokacin mai kawo mana gas ya ƙwanƙwasa ƙofar baya, Umma ta fita wurinsa. Shago ya rage daga ni sai farantin, cike, cinyar kaza a tsage tana kallona.

Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan ce shaiɗan ne ba, ni ce. Na ɗauki farantin na fita ta ƙofar gefe, na je bayan shagon mai gyaran waya inda babban kwandon shara yake, na juye shi kaf. Har na tsaya na bi shi da cokali na yi masa 'yan zane-zane, wai don ya yi kama da wanda aka ci aka suɗe. Na dawo na ajiye a bakin taga. Gwaggo na tsugune a gaban baho, ta ɗago ta dube ni, ta dubi takalmina da ya kwaso jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da cuɗa tukunya.

Umma ta shigo ta wanke hannu. "Na wa ne?"

"Na baƙo."

Ta daɗe tana kallonsa. Ni dai na ji kamar an shekara. Sai ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba da rana tsaka: ta kwance zanen aikinta, ta ɗauki farantin da kanta, ta fito cikin shago. Matafiyi ya dawo ke nan ya zauna. Ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta ajiye farantin a tsakaninsu.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ka cinye tas."

Ya kalli farantin. Ya kalle ni. Ina tsaye a bayan Umma ina yi masa duk alamar da Allah ya hore wa ido da gira. Ka ce e, bawan Allah. Kalma ɗaya ce, ka ce e mu wuce wurin.

Ya sunkuyar da kai. "Umma, ku gafarce ni. Ban cinye ba. Cokali uku na ci."

A raina na ce shi ke nan, wata takwas sun bi ruwa.

Bai tsaya nan ba. Ya faɗa mata inda yake aiki, da irin aikin, da rassa biyar da ya zaga kafin ya zo. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, bai kuma tambayi inda abincin ya tafi ba.

Umma ta gyaɗa kai. "Tun da ka kai farantin hanci na san ba yunwa ce ta kawo ka ba. Ina kallonka ta taga. To, tunda sana'arka ce, yaya ka ji?"

Na rufe ido.

"Gishiri daidai, Umma. Naman ya soyu har ciki. Mai ne ya ɗan yi yawa."

"Da gangan na ƙara. Leɓenka a bushe yake, wuyan rigarka ya yi maka yawa. Mai yawo irinka ba ya cin abinci, shayi da burodi ne ke riƙe da kai."

Ya ɗago da mamaki, ya yi 'yar dariyar kunya. "Haka ne, Umma."

"A duk garuruwan nan da kake zuwa, ɗanɗanon ɗaya ne?"

"Ɗaya ne. Aikina ke nan."

"Ko mutum ya zo ba shi da lafiya?"

"Ɗaya ne, Umma."

"Masu irin sana'ata fa, a can?"

"Ya danganta da gari. A bakin teku akwai wata baiwar Allah kusa da reshenmu, kifi take dafawa da yaji kamar wuta. Layin ƙofarta ya fi namu tsawo har yau, ma'aikatanmu ma can suke zamewa su ci. A kan iyaka direbobi sun ce namu ba ya ƙosarwa, sun ƙi mu. Amma a garin kan duwatsu, shaguna bakwai na tarar a layin tasha lokacin da muka buɗe. Watan jiya da na je, ɗaya ya rage."

"Mu nan fa? Wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba, Umma. In na ce na sani na yi muku ƙarya."

Umma ta miƙe ta ɗauki farantin. "Ka gaida mutanen gida. Allah ya tsare hanya."

Na raka shi bakin mota. Ya buɗe ƙofa ya tsaya. "Auta, ba zan iya fara shiga gidanku da ƙarya ba."

"Sai ka fara da tona min asiri?"

"Ban ce ke ce ba."

"Wa ya rage? Fanka?"

Na juya na bar shi a tsaye. Haushinsa nake ji, ina kuma jin wani abu daban da ban so in amsa sunansa ba a lokacin: ya burge ni.

A kicin na tarar Gwaggo ta tattara ta fita, wai za ta sayo sabulu, alhali ga sabulu nan sanda biyu a kan kanta. Umma na zaune a kan 'yar kujerarta. Farantin na kan cinyarta, ba a wanke ba.

"Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Cinyar kaza na ba shi, Auta. Ina ƙashin?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Shekara nawa ina kwasar faranti, na san kowane mai cin kaza yana barin ƙashi a gefe, wani ma ya tattaune shi ya tara. Ni da na tsaya yi wa faranti zane da cokali, ban tuna da ƙashi ba.

"Umma, tsoro na ji kada ranki ya ɓaci, ki ce ba ki son shi."

"Mutum nawa suka bar min abinci a shagon nan? Na taɓa korar wani? Wanda ya bari, dalili gare shi, dalilin nake nema." Ta juya farantin a hannunta. "Yaron nan bai ci ba, ya ce bai ci ba. Wannan ba ya ɓata min rai. A inda yake aiki ma, da kin faɗa min, da na yi faɗana na kwana biyu na gama. Kowa da inda Allah ya ajiye masa abincinsa."

Na fara murna a ɓoye, ashe ban ji komai ba tukuna.

"Ke ce damuwata. Tun safe nake kallonki. Kin ɓoye jug, kin rufe tebur, kin fesa turare kada ya ji ƙamshin girkina. Ba ɓacin raina kika ji wa tsoro ba, Auta. Kunyar wurin nan kike ji. Shi ya sa da ya ajiye cokali, ba ki ce bari in kai wa Umma ta ga abin da ke damunsa ba. Shara kika nufa da shi."

Gaskiya ta faɗa. Wata takwas ina kallon hotunan da yake turo min na wurare masu gilashi da fitilu, ina dawowa in kalli fankarmu. Ban taɓa tura masa hoton shagonmu ba, ko sau ɗaya. Hawaye suka zubo min a kan rigar ruwan zumar, Umma ba ta ce in yi shiru ba.

Ta miƙo min farantin. "Wanke shi da hannunki. Ki ce masa ya dawo ranar Asabar, da yunwarsa, in da gaske yake."

"To, Umma. Na gode, Umma."

"Kada ki yi saurin godiya. Ranar ba zan taɓa tukunya ba, Gwaggonki ma ba za ta yanka miki ko albasa ba. Ke za ki je kasuwa, ke za ki tsaya a gaban wuta, ke za ki dube shi ki san abin da za ki zuba masa. Ni zan ɗauko farantin in kawo miki taga." Ta ɗaura zanen aikinta ta juya min baya. "In ga ko naki za ki iya zubarwa."

Ina tsaye a gaban baho wayata ta yi ƙara. Matafiyi ne: "Me Umma ta ce? Na mutu ko ina da rai?"

Na goge hannu na rubuta, "Asabar. Ka zo da yunwa." Na tura. Sauran zancen na rubuta na goge har sau uku, don ban san yadda zan faɗa masa ba. Ku ma sai yanzu zan faɗa muku.

Shekarata ashirin da huɗu, a cikin gidan abinci na tashi, kuma ban taɓa ɗora tukunyar miya ni kaɗai ba.